Hannun Hagun Kawu

Daga Allah muka fito, wurinsa za mu koma. Kawu ya koma. Wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni, shi ya ba ni wuƙar fawa ta farko. Ni ba mai dogon zance ba ne, ban kuma yi karatu ba. Na faɗa ne aka rubuta, don akwai maganar da ake yi a kansa wadda ba na so ta zauna.

Ban samu jana'iza ba. Ina kwata a Fatakwal, hannuna cikin tumbin wani sa, sai wani mai rakiyar shanu da ya sauko daga tarago ya tsaya a kaina. Ya ce, "Sai haƙuri. Tsohonku na Inugu ya cika jiya da hantsi." Na wanke hannu, na bar wa abokin aikina naman, na hau jirgin ƙasa. Kafin in isa, ƙasa ta riga ta kwanta a kansa.

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan hayar da yake zaune a Kol Kam, unguwar masu haƙar kwal. Mahauta sun zo, dillalan shanu sun zo. Maƙwabta Ibo suna tsaye daga gefe, huluna a hannu, ba su san inda za su zauna ba. Aka yi mini gaisuwa, aka shafa fatiha. Kowa ya faɗi nasa. Sarkin Fawa ya ce bai taɓa ganin Kawu ya sayar da naman da shi ba zai ci ba. Liman ya ce in ka duba sahun farko babu shi, to ba ya gari. Daga cikin gida ana jiyo Inna, matarsa. Ba kuka take ba, faɗa take wa mata don sun bar wuta ta mutu a murhu.

Sai wani tsohon makaɗin kalangu, wanda ya yi wa Kawu kiɗa tun yana dambe, ya share hawaye da hannun riga ya ce, "Bahago ya tafi da makaminsa! Da dunƙule ya yi suna, da dunƙule ya shiga kabari. Namiji ke nan."

Mahauta suka gyaɗa kai. Wani ya ce, "Haka ne, baba." Ni kuwa ban gyaɗa ba.

Makaɗin bai shiga ɗakin wanka ba. Na tambaya, aka ce Liman ne ya wanke shi, shi da ɗan Kawu, taubashina. Na matsa kusa da Liman, na rage murya.

"Allah gafarta Malam, hannun fa?"

"Wane hannu?"

"Na hagu."

Ya dube ni. Ya ce, "Mai wankan gawa ba ya ba da labari. Yi masa addu'a."

Na juya wurin taubashina. Da ya ga zan buɗe baki, ya tashi ya shige gida.

Ga dalilin tambayar.

Kawu bahago ne. Da ƙuruciya a Arewa ya yi dambe, kamar yawancin 'ya'yan mahauta. Bayan kaka a naɗe masa hannun hagu da zare, a cusa laya a cikin tafin, ya shiga fage. Ban gani ba, faɗa mini aka yi. An ce ba ya bugu biyu. Zamanin Turawa ya biyo shanu a ƙasa zuwa Kudu, ya sauka a Anacha wurin maigidansa, wanda ya koya masa damben da fawar duka. Maigidan ya daɗe da barin fage, amma hannunsa bai bari ba. Yatsun sun naɗe, sun ƙi komawa. Loma ba ya iya yi da shi, alwala sai an taya shi. Ran da ya rasu Kawu ne ya wanke shi. Ya yi ya yi ya buɗe hannun, ya ƙi. Malamin da ke wurin ya ce a bari, kada a karya yatsun mamaci. Aka naɗe shi a likkafani da dunƙulallen hannu.

Sau ɗaya Kawu ya ba ni labarin nan, muna fiɗar wani sa. Ya ce, "Na ga mutum zai tsaya gaban Ubangijinsa kamar mai neman faɗa." Ya ce daga makabarta bakin Kwara ya wuce, ya jefa zarensa da layarsa a ruwa, bai ƙara shiga fage ba. Sannan ya ɗaga mini hannun hagunsa, jini a kai, a buɗe sarai, in ban da ɗan ƙaramin yatsan da ya karye a wani dambe ya warke a lanƙwashe.

Ya ce, "Wannan a haka zai tafi. In na kasa, kai za ka buɗe shi. Ka ji?"

Na ce na ji. Ban ɗauka magana ce da za ta dawo ba.

Tun daga mutuwar maigidan nasa bai taɓa fita aiki bai miƙe jiki ba. Ba miƙar da mutum ke yi in ya tashi barci ba. Wannan aiki ne, yana da farko yana da ƙarshe.

A unguwar Borokiri na fara gani, lokacin yana fawa a Fatakwal. Na zo masa ina saurayi, na biyo garke a ƙasa tun daga gida. Ni da wana muka taso. Zazzaɓi ya ɗauke shi a hanya, muka binne shi a gefen wani rafi muka wuce, don shanu ba sa jira. Na iso ƙafafuna kamar itace. Na kwanta a ɗakin Kawu ina cewa a raina ba mai tashe ni sai na gaji da kwanciya.

Da aka idar da asuba ya taɓa ni da ƙafa.

"Tashi."

"Kawu, ƙafata ta mutu."

"Ba ta mutu ba, ƙullewa ta yi. In ka bar ta haka ta saba."

Ya sa na yi ta zaga tsakar gida har na fara gumi. Sannan ya sa na dafa bango, ƙafa ɗaya a baya, dunduniya a ƙasa. Na ji sharaɓata kamar za ta tsinke. Na finciko da ƙarfi don a gama in huta. Ya make mini ƙeya.

"A hankali! Wa ya koro ka? Ja har ka ji ta gaishe ka, ka tsaya nan. Kada ka kai inda za ta zage ka. Yi numfashi. Wa ya ce ka riƙe numfashi, ruwa ka faɗa?"

Haka muka bi jiki. A zauna a ƙasa, ƙafa a miƙe, hannu yana neman yatsu. A kwanta rigingine a jawo gwiwa ƙirji. A yi rub da ciki, a ɗaga ƙirji, a bar ƙugu a ƙasa. Wuya dama, wuya hagu. Daga ƙarshe shi sai ya zauna a kan turmi, ya ɗora hannun hagunsa a gwiwa, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana tura su baya. Wannan nasa ne shi kaɗai, ba ya sa kowa.

Ranar na taka zuwa kwata da ƙafata. A can ya nuna mini dalili. Ya zaro jijiya daga ƙafar san da aka yanka yanzu, da ɗuminta, ya ja, ta biyo shi. Ya ɗauko ta ƙafar jiya wadda ta kwana ta yi sanyi, ya ja, ta tsage.

Ya ce, "Kai ma nama ne. Da ɗumi ake ja. Da sanyi sai a yage."

Iyakar karatun da ya yi mini ke nan.

Aikinmu dako ne kafin ya zama fawa. A ɗora maka cinyar saniya a kafaɗa, ka taka daɓe mai santsin jini da ruwa har bakin mota, ka dawo a ɗora maka wata. Baya yake ci. Kafin a fara yanka Kawu yakan ja ni bayan rumfa mu sake miƙewa, da an tashi kuma mu sake. Samarin kwata suna dariya. Su ce, "Ga Bahago can da ɗan ƙanwarsa, suna sallar da ba ta da alƙibla." Shi dai sai ya ci gaba da miƙarsa.

Na san inda masu dariyar suke yau. Wani yana tafiya kamar yana neman abin da ya yar a ƙasa. Wani ya koma gida don ba ya iya sunkuyawa ya yanka. Wani yana salla a zaune, furfura ma bai gama yi ba. Ni ma bayana yana ciwo, ba zan yi ƙarya ba. Miƙa ba ta hana tsufa. Amma ina ɗaukar kayana, ina kai goshi ƙasa, in na kwanta ina barci. Ranar da na yi lalaci ban miƙe ba, kafin azahar na sani.

Kawu ba waliyyi ba ne. Yana da zafin rai. Goronsa ba ya rabawa, sai dai ya ɓantare ya mayar aljihu kana gani. Duk zamana da shi bai taɓa ce mini sannu da aiki ba. Da ya ga na sunkuya na sungumi kaya ban lanƙwasa gwiwa ba, sai da ya yi damina guda yana kirana jaki. Amma ran da bayana ya riƙe na kasa tashi, shi ya yi dakon nawa ya haɗa da nasa aikin, ya dawo ya gasa mini da ruwan zafi, ya yi ta lallaɓa ƙafafuna yana kai su yana dawowa da su har na miƙe. Yana yi yana zagina.

Shi da Inna kullum a kan wannan suke. Takan tsaya da muciya a hannu ta ce, "Mazan mutane sun fita neman abinci, nawa yana neman yatsun ƙafarsa."

Ya ce, "Kin ga na same su. Ke yaushe rabonki da naki?"

Ta ce, "Nawa suna nan inda Allah ya ajiye su, ba na kai musu ziyara."

Da ƙarfinsa ya fara raguwa ya bar dako da manyan shanu, ya koma Inugu ya kama teburin nama a kasuwa. Ni na zauna a Borokiri da iyalina, ina zuwa gaishe shi in an samu hali. Gidan Kol Kam gidan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Kawu bai fasa ba. Yana dawowa daga masallaci zai shimfiɗa buzu a tsakar gida. Da yaran gidan suka ga yana rub da ciki yana ɗaga ƙirji, suka sa masa Papa Ngwere, wato Baba Ƙadangare da yarensu. Da aka fassara masa ya ce, "Kun taɓa ganin ƙadangare da sanda?"

A ɗakin da ke kusa da nasa akwai wani Ibo mai haƙar kwal. Ramin da suke shiga ba a tsayuwa a ciki, a duƙe suke wuni. Yakan dawo baƙi ƙirin, ya dafa bango, ya kasa miƙewa. Matarsa ta yi ta dukan bayan da hannu, yana ihu. Kawu ya yi kwanaki yana kallo. Ba ya jin yarensu, Turancin kasuwa ma kaɗan yake tsinta. Wata safiya ya je ya kamo hannun mutumin, ya nuna masa buzun. Ya ce, "Oga, kom. Du am so." Ya kwanta ya nuna masa. Mutumin ya yi dariya, amma ya kwanta. Aka daɗe ana yi. Da na zo wata sallar layya na tarar yana tsaye sak a bakin famfo. Ya kawo wa Kawu doya da goran bammi. Kawu ya karɓi doyar, ya mayar masa da goran, ba wanda ya ji haushi. Daga nan kullum su biyu ne a tsakar gida, ɗaya ya dawo daga salla, ɗaya zai tafi rami. Ban taɓa jin sun yi hira ba.

Wanda abin ya dama shi ne taubashina. A Kudu aka haife shi, yaren Ibo a bakinsa kamar nasa. Bai yi fawa ba, tela ne, yana da keke a kasuwa. Abokansa suna kiransa ɗan Ngwere. Yana neman aure, kuma dangin yarinyar sun ji labari. Wata safiya ina nan, ya tsaya a kan Kawu yana kwance a buzu.

Ya ce, "Baba, don Allah ka riƙa yi a ɗaki. Dattijo da gemu, kana birgima a gaban matan mutane. Dem de laf os."

Kawu ya ce, "In rashin kunya za ka yi mini, yi da Hausa."

"Ba rashin kunya ba ce. Dariya ake yi mana."

"Ɗakin bai kai tsawona ba. Sunkuya ka taɓa yatsun ƙafarka."

"Baba…"

"Sunkuya."

Ya sunkuya. Hannun ya tsaya a gwiwa. Kawu ya tashi, ya sunkuya ya shimfiɗa tafukansa a ƙasa, ya ɗago ya ce, "Ban mutu ba keke ya riga ya naɗe mini ɗa." Duk gidan aka fashe da dariya, har matan da ke bakin famfo. Ni ma na yi. A makon ya kwashe kayansa ya kama ɗaki kusa da kasuwa. Sai ranar Juma'a yake zuwa, ya durƙusa ya gaisa ya tafi. Kawu ya ci gardamar, ya rasa ɗan. Inna ta faɗa masa haka a fuska.

Bayan Turawa sun sauke tutarsu, wata damina, ya faɗi a bakin teburinsa. Ɓarin hagu ya shanye. Baki ya karkace, magana ta tafi. Aka kai shi asibiti, suka yi abin da za su iya, suka ce a mayar da shi gida a riƙa motsa masa gaɓoɓi. Aka aika mini, na zo. Na tarar da shi a kwance, ya ragu kamar an rage shi da wuƙa. Bai dubi fuskata ba. Hannunsa ya duba, sannan ya dube ni. Yatsun sun fara naɗewa, babban ya shige ciki. Dunƙule yana dawowa.

Tsofaffin mahauta suka zo dubiya, suka gani, suka koma waje suka yi shawara. Suka ce kada a taɓa. Suka ce layar da ya jefar a Kwara ce ta dawo neman hannunta, wanda ya ɓanɓare shi a kansa za ta sauka. Makaɗin kalangu ya ce ba ciwo ba ne, daraja ce, ɗan dambe na gaske haka yake tafiya. Inna ta tsorata, ko wanke hannun ba ta yi. Taubashina bai yarda da zancen laya ba, amma bakinsa ya zo ɗaya da nasu. Ya ce, "Ku bar tsoho ya huta. Duk rayuwarsa yana wahalar da jikin nan."

Ban yi gardama da kowa ba. Na samo ɓargo a kwata, na narka shi da man kaɗe. Da safe in gasa hannun da tsumma da ruwan ɗumi, in shafa man, in bi yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na ga yana yi a kan turmi. In na kai inda ya fara ƙi sai in tsaya, in jira, in ƙara kaɗan. Daga nan wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa, ƙafa. Da zafi. Hawaye na bin kuncinsa har cikin kunne. Kafin yamma hannun ya sake rufewa, gobe a koma farko.

Wata safiya taubashina ya shigo ina cikin yi. Ya ci kwalata.

"Kai ɗan mace, ubanka ne? Sake shi!"

Na ce, "Ɗan namiji, in naka ne zo ka yi."

"Ba ka ga yana kuka ba?"

"Na gani."

"To kai wane irin mutum ne?"

Ya fizge hannun daga cinyata ya ajiye a kan tabarma. Muka tsaya muna huci. Sai Kawu ya miƙa hannunsa na dama, ya lalubo na hagun, ya jawo shi da ƙyar, ya sake ɗora shi a cinyata. Taubashina ya tsaya yana kallo. Sannan ya fita.

Na zauna har ruwa ya ɗauke. Matata ta aiko cewa abinci ya ƙare, kuma ana shirin ba wani wurina a kwata. Na faɗa wa Kawu. Ya nuna mini ƙofa da haɓa. Na kira Inna na nuna mata yadda ake yi. Ta riƙe bakin zanenta ta ce, "Ni tsoro nake ji, ɗan nan. Kada ka sa ni." Mai haƙar kwal ya nuna da hannu shi zai yi, Inna ta ce mahauta ba za su bar ta ta zauna lafiya ba. Na je kasuwa wurin taubashina. Bai ɗaga ƙafa daga keke ba.

Ya ce, "Ba da ni ba."

Na bar kwalbar man a bakin taga, na hau jirgi. A Borokiri duk mai rakiyar shanun da ya biyo ta Inugu sai na tambaye shi. Su ce yana nan, da sauƙi. Ba wanda ke duba hannu. Haka har saƙon mutuwa ya zo.

To, shi ya sa na tambayi Liman, shi ya sa maganar makaɗi ta tsaya mini. Na zauna a tabarma ina amsa gaisuwa, baki yana cewa amin, zuciya tana wani wuri. Na tambayi Inna, ta ce ita tun da na tafi ba ta dubi hannun ba, in ta shiga kai masa kunu mayafi take rufawa a kai, ta tafi kasuwa da ƙosanta. Ta ce, "Ka bar ni da abin da nake ji." Na bar ta.

Ranar sadakar uku, da muka dawo daga asuba, na ji jikina duk ya ƙulle, ga bencin jirgi ga zaman tabarma. Na ɗauko buzun Kawu na shimfiɗa a tsakar gida. Ban daɗe ba mai haƙar kwal ya fito, ya dube ni, ya kwanta a inda ya saba. Muna cikin yi taubashina ya fito daga ɗakin ubansa. Ya tsaya ya harɗe hannu.

"Ɗan mace, kai ka gaji ƙadangarancin ke nan?"

"Wani ya gada. Kai ka gaji bakin."

Ya je ya zauna a kan turmi. Na tashi na same shi. Ban tambaya ba wannan karon. Ya daɗe yana kallon famfo.

Ya ce, "Da ka tafi ba wanda ya taɓa shi. Ran Juma'a na zo gaisuwa na ji wari. Na ɗaga mayafin. Farce ya yi tsawo ya shige cikin tafin, har ya yi ruwa. Na ce bari in yanke masa farcen kawai. To ba a yankewa sai an buɗe."

"Ka buɗe?"

"Na ja da ƙarfi. Ya ɗaga hannun dama ya make mini ƙeya."

Na kusa yin dariya.

Ya ce, "Sai na ga kwalbarka a taga. Na dawo washegari kafin in buɗe shago. Na sake dawowa. In na yi sauri ya harare ni, in na yi daidai ya rufe ido. Da idon ya koya mini. Man ya ƙare na je kwata neman ɓargo, mahauta suka ce me tela zai yi da ɓargo, na ce miya." Ya shafa fuska. "Ban faɗa wa kowa ba. Ban so ka ji ka yi mini baki."

"Zan yi maka. Ba yau ba." Sannan na ce, "Ranar wankan fa?"

"Malam ya ce ba a faɗa."

"Na ji shi."

Ya dubi ƙofar gida, inda aka fara shimfiɗa tabarmi. Sannan ya kamo hannuna na hagu ya ɗora a gwiwarsa. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana tura su baya, yana jira, yana ƙarawa. Ya iya. Ya shimfiɗa tafin sarai. Da ya zo kan ɗan ƙaramin yatsa ya lanƙwasa shi rabi, ya bar shi haka. Ya saki hannuna, ya tashi ya tafi ɗaukar ƙwaryar gumba.

Bai faɗa ba. Ni ma ban ce ya faɗa ba.

Makaɗin yana nan yana yawo da kalangunsa, daga Inugu zuwa Anacha, duk inda mahauta suka taru yana cewa Bahago ya shiga kabari da dunƙule. Tsoho ne, ban tsayar da shi a gaban mutane ba. Amma ba haka aka yi ba, kuma wanda ya karanta wannan ya faɗa wa wanda bai iya karatu ba.

Allah ya jiƙan Kawu. Ya yafe masa zafin ransa, da waɗanda ya buge a fage. Ya yalwata masa inda yake kwance, ya samu wurin miƙewa. Hannunsa a buɗe ya tafi.